Filen Uku da Albasar Alu

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, haƙora da sunayen jikoki da inda na aje tabarau, amma bai iya kwashe ranar da aka tura ni kasuwar Goronyo in zaɓo wani ƙarfen aiki wanda ban taɓa gani ba, ban kuma san ta ina ake riƙe shi ba. Ku matasan kafintoci kun matsa sai na rubuta muku labari ɗaya daga shekarun aikina. Na san na bajinta kuke jira. Na duba, babu. Wannan nake da shi. In kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri, bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma korata aka yi, ina da gemu a lokacin, saboda na sa wa malamin ƙadangare a aljihu.

Sunana Sanda, ni ne kafintan ƙungiyar manoman rani ta yankinmu, nan gefen Wurno, har zuwa bara da gwiwa ta ce ta gaji. Ga wanda bai san tsarin ba, a sama akwai ciyaman, sai sakatare, sai injiniya mai kula da hanyoyin ruwa, sai mai rabon ruwa, sai ni, sai leburori. Leburorin ma ba sa jin maganata, don haka kuna iya mayar da ni ƙarshe.

Ga yadda ruwan yake. Babbar magudana ce guda ta ratsa fadama, ƙananan hanyoyi suna ɓallewa daga jikinta zuwa gonaki. A bakin kowace ƙaramar hanya akwai ƙofa: ginshiƙi biyu a tsaye, kowanne da kwarmi a jikinsa daga sama har ƙasa, sai allon katako da ake zurawa cikin kwarmin. A ɗaga allo ruwa ya shiga, a sauke ya tsaya. Ruwan kuwa zagaye yake yi, yau na waɗannan, gobe na waɗancan. Ranar da rabo ya zo kan mutanen ƙarshen magudana, dole duk ƙofofin sama su rufu ruf, in ba haka ba ruwan zai tsiyaye a hanya, ya isa ƙarshe kamar yawun mai azumi.

Da can ƙofofin na ƙarfe ne. Ɓarayin ƙarfe suka bi su ɗaya bayan ɗaya suka kwashe, ƙungiya ta zauna ta ce a koma katako, tunda ba a auna katako a kan sikeli. Aikin ya faɗo kaina. Na samo maɗaci mai kyau, na tsaga gefen kwarmi da zarto, na fafe tsakiya da cizal da guduma kamar yadda na saba. Daga waje aikin abin kallo ne. Amma can ƙasan kwarmin, inda ido ba ya kaiwa, tudu da kwari ne kamar hanyar Marnona da damina. Allo ya taho yana sauka sai ya maƙale a kan tudu, ya tsaya bai taɓa ƙasa ba, ruwa ya bi ta ƙarƙashi. Manomi ya ɗauki dutse ya buga, allo ya tsage. Kullum ana kawo mini gawar allo.

Gona ta ƙarshe a magudanar nan ta Alu ce. Alu taubashina ne, uwata da ubansa ciki ɗaya. Tun muna yawo ba wando ba mu taɓa yi wa juna magana ta hankali ba. In ya ce gabas, yamma zan yi ko da akwai rijiya a can. In na ce masa abincin nan da daɗi, sai ya shinshina. Ya taɓa aiko mini cewa an naɗa ni limamin unguwa, na sha rawani na fito. Ni kuma na taɓa sa shi ya tafi Tursa ta'aziyyar mutumin da ya tarar yana cin tuwo. Haka muke, kowa ya sani, ba mai shiga tsakani.

Shekara uku da suka wuce, farkon sanyi, Alu ya dasa albasa. Ya sayar da bijimin huɗarsa ya zuba a gonar nan, don a shekarar yake son ya rufe ɗakunan gidansa biyu da kwano. Zagayen ruwa na farko bayan dashe ya zo, ruwan ya iso masa a gajiye, ya jiƙa rabin fangali ya tsaya. Duk wanda ya san albasa ya san sabon dashe na iya jure ƙishi sau ɗaya. Sau biyu kuwa sai addu'a.

Washegari Injiniya Nasiru ya kira ni ofis. Yaro ne mai ladabi, sa'an ɗana na uku, bai taɓa kirana da suna ba sai Baba. Na tarar da Alu zaune a bakin ƙofa, ya kawo ƙara.

“Ga shi nan ya iso, bawan gidanmu,” in ji Alu. “Injiniya, ƙohohin mutumin ga sun hi rariya yoyo.”

Na ce, “Ranka shi daɗe, ruwan na ad da hankali. Ya hangi huskar mai gonar yaj juya.”

Injiniya ya yi dariya kaɗan, sannan ya fito da waya ya nuna mini hoto. Ya ce akwai wani ɗan'uwan filen, wato ƙarfen nan da muke shafe fuskar katako da shi, ana ce masa filen rauta. Ba rautar lantarki ba, wannan da hannu ake tura shi, ba ruwansa da wuta ko fetur. Gindinsa shimfiɗaɗɗe ne, yana zama a saman katako, sai haƙori guda lanƙwasasshe da ke leƙawa ƙasa cikin kwarmi yana kankare tudu, har ƙasan ya zama zurfi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe. Ya ce ya ga wani mai gwanjo da irinsu a kasuwar Goronyo, ƙungiya kuma ta amince a sayi guda ɗaya tak.

“Baba, ka taɓa aiki da shi?”

Yanzu ku gaya mini, mutum da furfura, taubashinsa na zaune a bakin ƙofa ya baza kunne, mi zai ce? Na ce, “Wanga? Ai da shi anka yaye ni.”

“To madalla. Abu uku za ka duba.” Ya lissafa su da yatsu. Na ga yatsun sarai, dogaye, da zoben azurfa a na tsakiya. Na gyaɗa kai sau uku. Hankalina kuwa na can yana ƙulla abin da zan rama wa Alu kan maganar rariya. Na fito ofis da yatsu uku a kaina, ba ko kalma ɗaya a jikinsu.

Ranar kasuwa Alu ya ɗauke ni a babur ɗinsa, wai don kada in ɓace. Muka sami mai gwanjon can bayan 'yan kifi, ya baza kaya a kan buhu: sifanu, tsofaffin kwaɗuna, injin niƙa ba hannu. Da na kwatanta masa abin, sai ya jawo wani kwali ya zazzage. Guda uku suka faɗo.

Na farko tsoho ne, babba, baƙi, da mariƙi biyu na katako kamar ƙahon rago, gabansa a buɗe. Na biyu sabo ne fil, matsakaici, yana ƙyalli, da wani noti a bisa wanda in ka murɗa haƙorin ya sauka a hankali, ka murɗa baya ya hau. Na uku ɗan mitsitsi, ya zauna a tafin hannuna kamar kwaɗon rijiya.

Na ɗauki babban na riƙe shi haƙori sama, na kanne ido ɗaya ina dubawa irin na masana. Mai gwanjo ya ce, “Baba, ka san shi ke nan?”

“Tun kan a haihe ka.”

“To don Allah aikin mi shika yi? Wata ukku ina yawo da su, kowa yat tambaye ni sai in ce na masu ɗinkin takalmi na.”

Kun san kasuwa. Kafin in haɗiye yawu an kewaye mu. Wani mahauci ya ce a ɗauki babban, ƙarfe in ba nauyi ba ƙarfe ba ne. Wani mai gyaran babur ya karɓi mai ƙyallin ya murɗa notin ya ce wannan zaren ba zai yi shekara ba, ya san irinsa. Wani wanzami ya gwada haƙorin ƙaramin a gashin hannunsa ya ce shi kaɗai ke da kaifi, sauran a ba yara su yi wasa. Wani dattijo da ban san sana'arsa ba ya ce shi a ganinsa duka ukun abu ɗaya ne aka rarraba, sai an haɗa su suke aiki. Wallahi maganarsa ta shige ni, har na gwada ɗora ƙaramin a kan babban.

Na koma ga abin da na gada. Mu nan in za mu sayi galma ko lauje, ƙwanƙwasawa muke mu saurari amo. Na ari ƙusa na bugi babban, ya ce ƙau. Na bugi sabon, ya ce ƙwal. Na bugi ƙaramin, bai ce komai ba. Na tsaya da ƙusa a hannu, ban san wanne amon ake nema ga abin da ba ya shiga ƙasa ba. Na lalubi yatsun Injiniya a kaina. Na farko, ina jin, zurfi ne ko nauyi. Na biyu ya shafi noti, amma a nemi mai noti ne ko a guje shi, oho. Na uku zoben azurfa kawai nake gani.

Sai Alu ya matso ya taɓa mini kafaɗa, ya yi ƙasa da murya.

“Sanda, ɗauki wagga mai noti. Ita Injiniya yac ce. Ina zaune nij ji.”

To nan fa kaina ya kulle. Ku bi ni a hankali, don ni ma da ƙyar na bi kaina. Alu ya ce mai noti. Alu bai taɓa nuna mini hanya ta gari ba, ke nan mai noti ita ce mara kyau, yana so in saya a yi mini dariya a ofis. Sai in ɗauki babban. Amma Alu ya san duk abin da ya faɗa kishiyarsa nake yi. Ke nan babban yake so in ɗauka, shi ya sa ya ce mai noti. Ke nan babban ne tarkon, mai noti ce ta gari. Amma kuma Alu ya san na san ya sani. Na kai nan sai na ji kasuwar tana juyawa. Ga mutane sun zuba ido suna jiran gwani ya yanke. In na ɗauki abin da taubashina ya nuna a gaban jama'a, har in mutu zai riƙa cewa shi ya koya mini sana'a.

Ya sake cewa, “Sanda, ba wasa nika ba.”

Wannan kalma kuwa da ita ya fara ranar da ya ce an naɗa ni liman.

Sai wata dabara ta faɗo mini, har na ji daɗin kaina. Akwai guda ɗaya da Alu bai ambata ba, bai kuma yi tsammani ba. Na ɗaga ƙaramin sama na ce, “Wanga za mu saye. Manyan na masu koyo na.” Wanzami ya ce a gaishe ni. Mahauci ya yi tsaki ya koma rumfarsa.

A hanyar dawowa na yi ta tsokanar Alu. Na ce ƙeyarsa ta yi kama da gindin tukunya. Na ce babur ɗinsa tari yake kamar mai shi. Bai tanka ba. Na ɗauka iska ce ke kwashe maganar.

A shago na share benci na ɗaure ginshiƙi. Sai da na ɓata rabin yini kafin na gane haƙorin ƙasa yake kallo. Da na gane kuwa, abin ya ba ni sha'awa. Yana tafiya sumul, yana fitar da ɓawon katako siriri kamar na albasa. Na sassauta, na ƙara sauke haƙori, na tura. Na ƙara saukewa. Da zurfin ya kai gaɓar yatsa ɗaya, na ƙara saukewa sai haƙorin ya zame gaba ɗaya ya faɗa cikin kwarmi. Iyakar tsawonsa ke nan. Kwarmin ƙofar ruwa kuwa gaɓa biyu ne, in ba haka ba ƙarfin ruwa zai fizge allon. Tuddan da nake nema suna can ƙasa suna kallona, haƙorin bai ko shinshine su ba.

Na naɗe shi a tsumma na tafi ofis. Injiniya ya buɗe, ya dube shi, ya dube ni.

“Baba, me na ce maka na farko?”

“Kac ce in gaida mutanen Goronyo.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Na ce haƙorin ya kai zurfin kwarminka. Na biyu, ya zama da notin da ke riƙe zurfi, don kowace ƙofa ta zama ɗaya da 'yar'uwarta. Na uku, kada faɗin haƙorin ya wuce faɗin kwarmi. Wannan da ka kawo na zaunar da hinji ne, ƙarfen da taga da ƙananan akwatuna ke buɗewa a kai. Babu mai noti a wurin?”

Na ce akwai.

“Ba wanda ya nuna maka ita?”

Na dubi silin na ce mutane sun yi ta surutu, ba a jin kowa.

Ya ce laifinsa ne da bai bi ni ba. Wannan ta fi zagi ciwo. Ya tashi da kansa muka je shago, ya sa na yanko guntun ginshiƙi mai kwarmi, tsawon tafin hannu. Ya ce in koma wurin mai gwanjo da shi, duk wanda zan ɗauka in zaunar da shi a kai tukuna. To mai gwanjo ba shago gare shi ba, kasuwa yake bi. Da muka bincika aka ce sai ranar kasuwar Rabah za a same shi. Kafin ranar kuwa rabon ruwan mutanen ƙarshe zai zagayo.

Ya zagayo. Tun da safe ni da mai rabon ruwa muka bi ƙofofin sama muna cusa buhu da laka a ƙarƙashin alluna. Mu toshe nan, can ta ɓalle. Na shiga ruwa har ƙugu, na zauna a gaban wata ƙofa da jikina, manoma na wucewa suna tambaya ko ƙungiya ta sayi sabon allo mai gemu. Da rana ta take na bi magudana har ƙarshe. Ruwan ya iso, amma ba shi da ƙarfin hawa. Ya shiga fangalin gaba ya kwanta. Na baya sun yi fari, ganyen albasa ya sunkuya, bakinsa ya ƙone.

Na hangi Alu da jarka biyu a babur, yana ɗebowa daga wani kududdufi mai nisa, yana zuba wa kowane tushe da gwangwani. Mutum mai jikoki. Na je na ɗauki jarka ɗaya, na buɗe baki in ce wani abu game da ƙafafunsa, sai ya riga ni.

“Sannu da zuwa, Malam Sanda. Aje, kar ka wahal da kanka. Na gode ƙwarai.”

Malam Sanda. Na gode. Tunda uwata ta haife ni mutumin nan bai taɓa gode mini ba. Na tsaya da jarka a hannu kamar baƙo a gidan mutuwa. Da ya zage ni, da na san inda zan sa ƙafa. Na yi ta zuba ruwa har la'asar, shi a wancan layi, ni a wannan. Da zan tafi ya raka ni har bakin gona kamar suruki.

Ranar kasuwar Rabah ban nemi babur ɗinsa ba, motar haya na shiga, guntun ginshiƙi a aljihu. Mai gwanjo na ganina ya washe baki.

“Gwani ya iso! Baba, kai kab buɗe min kasuwa. Kana tahiya wani kahinta na Marnona yaz zo, yag ga mai notin nan, ko tayi bai yi ba yab biya. Yac ce shekara da shekaru shina nemanta.”

Na nemi wuri na zauna a kan injin niƙa.

Saura tsohon babban. Wannan karon ban ƙwanƙwasa ba, ban kanne ido ba, da mutane suka fara taruwa na ce maganin basir nake saye, suka watse. Na aje guntun ginshiƙi a ƙasa na ɗora ƙarfen a kai. Tsawon haƙori ya kai, har da saura. Noti babu, sai wani ɗan ƙarfe mai kunne da ake murɗawa ya damƙe haƙorin, a daidaita zurfi da ido da ɗan bugu. Faɗi kuwa ya wuce, haƙorin ya ƙi shiga kwarmi. Cikin uku ya ci ɗaya da rabi. Na zauna ina dubansa, yana dubana. Na rasa ko in ɗauka ko in tafi Marnona in durƙusa wa mutumin da ban sani ba. Daga ƙarshe na kira Injiniya a waya, abin da ya kamata in yi tun a Goronyo, da ba don girman kai ba. Ya ce faɗi ana rage shi, tsawo ne ba a ƙarawa, in ɗauka. Muka yi musaya da ƙaramin, na cika daga aljihuna. Ba zan rubuta nawa ba, uwargida ta fi ni karatu.

Wani maƙeri a bayan kasuwar ya ci gefen haƙorin a dutse har ya shiga kwarmi da ɗan sarari, ya wasa bakin. Ya tambaye ni aikin mi abin yake yi. Na buɗe baki zan ce da shi aka yaye ni, sai na ce, “Ina koyo.”

Ga yadda ake yi, ku riƙe, don da gumi na same shi. Ba a sara da filen rauta. Zarto ya tsaga gefe, cizal ya kwashe mafi yawa ya bar kaɗan, shi aikinsa gyaran ƙasa ne kawai. Ana sauke haƙori kaɗan kaɗan, kaurin farce, a bi kwarmi duka, a ƙara saukewa. Ranar farko na yi haɗama na sauke da yawa, ya cije ya tsaya, ni na wuce, haƙarƙarina ya gaisa da benci. Da yake gabansa a buɗe yake, in ya kai bakin ginshiƙi sai ya dungura ya ci ƙarshen, sai na koyi shigowa daga kowane baki zuwa tsakiya. Tunda babu noti, na yanka ɗan katako daidai zurfin da nake so, da shi nake auna haƙori a zagayen ƙarshe na kowace ƙofa. Wanda ya sayi mai noti yana can Marnona yana murɗawa da yatsa biyu yana shan shayi. Allah ya sa masa albarka, ba da zuciya ɗaya na faɗa ba.

Muka kafa sababbin ginshiƙai kafin rabo ya sake zagayowa. Na zura allon farko na sake shi, ya sauka da nauyin kansa, ya ce dum a ƙasa. Mai rabon ruwa ya ɗaga ya sake saki, ya ɗaga ya sake saki, sai da na ce masa ba lilo ba ne. Da aka rufe na sama duka, ruwan ya miƙe a magudana da kumfa a baki, na bi shi da sauri iyakar abin da gwiwa ta yarda.

Ya isa gonar Alu ya cika fangali har na ƙarshe. Sai dai na bayan ba abin da za su sha da shi, sun riga sun mutu, ƙasa ce kawai ke jiƙa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na gonar ya tafi. Kwanon da ya yi niyya, ɗaki ɗaya ya rufe a shekarar, ɗayan ya ƙara damina da yoyo.

Yana tsaye da fartanya yana juya ruwa daga fangali zuwa fangali. Na tsaya daga nesa, ban san da wane suna zai kira ni ba. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

“Kai jakin gidanmu, tsayuwar mi kaka yi nan awa turke? Taho ka kama min bakin ga.”

Wallahi ban san lokacin da na faɗa cikin laka da takalmi ba. Muna cikin aiki na ce, “Alu, ashe ran nan da gaske kaka yi.”

“Tun muna tsirara nika maka ƙarya kana yarda. Rana guda nih hwaɗa maka gaskiya, kaƙ ƙiya.”

“To ai ba ka yi alama ba.”

“Alamar mi? Albasa ta, Sanda. Wa ka wasa da albasa tai?”

Na sunkuya na ci gaba da kama masa bakin fangalin.

In kun tambaye ni wanne ya fi cikin ukun nan, ban sani ba. Ƙaramin yana da aikinsa, mai noti ta fi sauƙi, tsohon ya yi mini shekara biyu bai yi gardama ba. Ƙarfe ba ya da kyau ko muni sai an ɗora shi a kan aikin da zai yi, don haka ku tafi kasuwa da aikin a hannu, ku bar amo ga masu sayen galma. In ba ku san abu ba ku faɗa tun a ofis, kunyar can ta fi arha. Mutanen sana'ar nan kuwa, da masu kewaye ta, kowa gwani ne muddin ba shi zai kwana da abin ba. In shawara ta yi muku yawa har kasuwa ta fara juyawa, ku daina duban baki, ku duba wa zai yi asara in an yi kuskure, ku bi tasa. Ko da taubashinku ne. Ku dai jira jama'a su watse tukuna.